GYARAN GIDA DOMIN KARE YARA DAGA CUTAR ASMA

Gabatarwa

Assakio gari ne na manoma da ke gabashin Lafia, babban birnin Jihar Nasarawa, a kan hanyar da ta nufi Shendam ta Jihar Filato. Ƙasar wurin tana da albarka, ana noman doya da shinkafa da rogo da masara da riɗi da agushi. Ruwan sama yakan fara sauka tun wajen watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba. Da zarar damina ta wuce sai hunturu ya kankama da hazonsa da ƙurarsa, ga kuma hayaƙin ƙunar daji. Watau ke nan a cikin shekara guda gidan mutumin Assakio yakan ga laima irin ta kudu, ya kuma ga ƙura irin ta arewa. Dalilin da ya sa ke nan aka ɗauki wannan gari a matsayin misali, domin abin da ya dace da gidajensa zai amfani mai karatu ko a Sakkwato yake zaune ko a Fatakwal.

A Assakio, kamar a sauran garuruwan ƙasar nan, akwai yaran da dare ke yi wa tsawo. Yaro ya wuni lafiya lau yana wasa, amma da tsakar dare ko da asuba sai tari ya tashe shi, ƙirjinsa yana kuka kamar usur, yana jan numfashi da ƙyar. Uwa ta kwana a zaune, uba ya rasa zuwa gona, yaro ya rasa makaranta, kuɗin da aka tanada domin taki ya tafi ga magani. Bayan mako biyu ko uku abin ya sake dawowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da cutar asma a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum 455,000 a wannan shekara. Mafi yawan waɗanda suka mutu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke, inda ba a gane cutar da wuri. Ita ce kuma ta fi yawa cikin cututtukan da ke daɗewa a jikin yara. Har yanzu ba a sami maganin da ke raba mutum da ita ɗungum ba, amma ana iya danne ta har yaro ya yi karatu da wasa kamar kowa. Hanyoyin danne ta biyu ne: maganin asibiti, da gyaran iskar da yaro ke shaƙa a cikin gida. Ta biyun a hannun iyaye take, kuma galibinta ba ya bukatar kuɗi mai yawa.

Mece Ce Asma?

Iskar da mutum ya shaƙa tana bi ta maƙogwaro ta gangara cikin huhu ta wasu hanyoyi masu rassa kamar na itace. A jikin mai asma bangon waɗannan hanyoyi a kumbure yake, kuma yana da saurin fushi. Idan hayaƙi ko ƙura ko iska mai sanyi ta taɓa shi, sai naman da ke kewaye da hanyar ya tsuke, kumburin ya ƙaru, majina mai kauri ta taru. Hanyar iska ta ƙuntata, sai a ji kukan nan na ƙirji. Hanyoyin iskar yaro kuwa dama ƙanana ne, saboda haka kumburi kaɗan ya isa ya wahalar da shi.

Tun kafin zuwan asibiti Hausawa sun san wannan ciwo, suna kiransa fuka. Amma lalle ne a bambanta shi da tarin fuka, watau tibi. Tibi ƙwayar cuta ke kawo shi, ana ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum, kuma ana warkewa da maganin da ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati. Asma kuwa ba a ɗaukarta. Babu dalilin hana mai ita cin abinci a kwano ɗaya da 'yan'uwansa, ko a ƙi zama kusa da shi a aji. Takan bi jini dai, domin an fi samunta a gidan da uwa ko uba ko kaka ke da ita.

Akwai kuma abin da likitoci ke kira alaji, wanda sau da yawa tare yake tafiya da asma. Ma'anarsa ita ce jiki ya ɗauki wani abu marar cutarwa a matsayin abokin gaba, ya tasam masa da yaƙi. Alamunsa su ne yawan atishawa, da yoyon hanci ba tare da zazzaɓi ba, da ƙaiƙayin ido, da borin jini, da ƙaiƙayin fata a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Abubuwan da ke tayar da alaji su ne kuma ke tayar da asma ga yara da yawa, kuma akasarinsu a cikin ɗakin kwana suke. Ƙaramin yaro yakan yi barcin awa 10 ko fiye a kowace rana, don haka iskar wannan ɗaki ita ce ya fi shaƙa a duniya.

Damina da Laima

A tsakiyar damina, musamman a watannin Agusta da Satumba, gidaje da yawa a Assakio sukan jiƙe. Ruwa ya kwanta a tsakar gida, gindin bango ya tsotse shi, rufi ya yi yoyo, tufafi su yi kwana biyu a kan igiya ba su bushe ba. Laima irin wannan tana raya abubuwa uku da ke cutar da numfashin yaro.

Na farko shi ne funfuna. Ita ce baƙin tabon nan ko koren da ake gani a kusurwar ɗaki, ko a bayan akwati, ko a jikin takalmin fata, tare da wani wari da kowa ya sani. Tana watsa 'ya'yanta a cikin iska, ido ba ya ganinsu, yaro yana shaƙa. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora na musamman a kan laima da funfuna a cikin gidaje, inda ta tabbatar cewa mazauna gida mai laima sun fi fama da tari da kukan ƙirji da tashin asma. Shafa fenti a kan funfuna ɓarnar kuɗi ce, domin za ta sake fitowa. Sai an toshe inda ruwa ke shigowa, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a bari ya bushe sarai. Kada yaro mai asma ya kasance a ɗakin sa'ad da ake wannan aiki.

Na biyu wani ƙwaro ne mitsitsi da ake kira ƙwaron ƙura. Girmansa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. Yana zaune cikin katifa da matashin kai da bargo da darduma, yana cin ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikin mutum. Ba ya cizo, kashinsa ne ke tayar da alaji. Masana a birnin Leiden na ƙasar Holan ne suka gano a shekarar 1964 cewa shi ne asirin abin da ke cikin ƙurar ɗaki da ke sa mutane atishawa da sarƙewar numfashi. Wannan ƙwaro ba ya shan ruwa, daga danshin iska yake samu, shi ya sa yake yaɗuwa da damina, ya ragu da rani. Zafin rana da ruwan zafi suna kashe shi.

Na uku shi ne kyankyaso, tare da abokin tafiyarsa ɓera. Kashinsu da ɓurɓushin jikinsu suna gauraya da ƙura su tayar da asma. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka nan kyankyaso. A liƙe tsagar bango da ta daɓe, a rufe abinci, a wanke kwanuka kafin a kwanta, a sa wa masai murfi. Wannan ya fi feshin magani amfani, kuma bai da illa ga huhun yaro.

Hayaƙi a Cikin Gida

Cikin duk abubuwan da ke ɓata iskar gida babu kamar hayaƙi. Bisa ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara fiye da 237,000 'yan ƙasa da shekara 5. Wanda ke son sanin abin da hayaƙin murhu ke yi, ya ɗaga kai ya dubi kunkunniyar da ta rufe rufin ɗakin girki. Abin da ya baƙanta kwano shi ne ke shiga huhun mai girki da na ɗan da ke goye a bayanta.

A Assakio da ƙauyukan kewaye itace da gawayi ne galibin abin girki. Da rani akan yi girki a fili, iska ta kwashe hayaƙi. Da damina kuwa akan shigar da murhu cikin ɗaki ko ƙarƙashin baranda, itace kuma a jiƙe, hayaƙi ya ninka. Ga abin da ya kamata a kiyaye:

1. Ɗakin girki ya kasance daban da ɗakin kwana, da taga babba da kuma kafa a sama kusa da rufi, domin hayaƙi sama yake tashi.

2. A tanadi itace tun da rani, a jera shi a ƙarƙashin rumfa bisa duwatsu. Busasshen itace ya fi ba da wuta, ya fi ƙarancin hayaƙi.

3. Kada a hura wuta da leda ko roba ko tsohon takalmi. Hayaƙinsu guba ne.

4. A sauke goyo kafin a tsuguna gaban murhu, a ba wani ya riƙe yaron nesa da hayaƙi.

5. Wanda ke da hali ya koma ga tukunyar gas ko ta lantarki. Wanda bai da hali ya nemi murhu mai tsimin itace. Risho ma ba mafita ba ne, domin tun a shekarar 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a guji kananzir wajen girki da haske.

Bayan hayaƙin murhu sai na taba. Dokar ƙasa ta shekarar 2015 ta hana shan taba a makarantu da asibitoci da motocin haya, ta kuma hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Amma ɗan sanda ba ya shiga ɗakin kwana, maigida ne mai tsaron wannan wuri. Hayaƙin taba yana maƙalewa a labule da tufafi har bayan an kashe ta, don haka buɗe taga bai wadatar ba. Gidan da ke da yaro mai asma bai kamata a sha taba a cikinsa ba ko kaɗan, ko baƙo ne.

Sai kuma maganin sauro mai hayaƙi, wanda ake kira igiyar leƙo. Wani bincike da aka buga a shekarar 2003 a kan irin waɗanda ake sayarwa a ƙasashen Asiya ya nuna cewa guda ɗaya tak yana fitar da ɓurɓushin hayaƙi daidai da na karan sigari 75 zuwa 137. Fiya-fiya da sauran magungunan feshi da ake haɗawa a kasuwa su ma suna tayar da asma, ban da haɗarin yaro ya sha. Sauro kuwa dole ne a yaƙe shi, domin zazzaɓin cizonsa yana kashe yara. Hanyar da ba ta da hayaƙi ita ce gidan sauro mai magani da ragar waya a taga. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa na awa 24 kafin a fara kwana a ciki.

Turaren wuta ado ne na ɗakin mace, kuma ba a ce a daina ba. Abin da ake bukata shi ne a turara ɗaki sa'ad da yaro ba ya nan, a buɗe taga hayaƙin ya fita kafin ya shigo, kada kuma a turara tufafinsa da shimfiɗarsa. Janareta a ajiye shi a fili, nesa da taga da ƙofa da aƙalla mita 6. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki da hunturu a rufe ƙofa, musamman ɗakin mai jego, yana fitar da wata iska marar launi marar wari wadda ke kashe mutane cikin barci. Bargo da rigar sanyi sun fi shi aminci.

Kaka da Hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar hamada. Mai yawa daga cikinta tana fitowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda busasshen gindin wani tsohon tafki ne, kuma yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ƙurar tana da laushi ƙwarai, tana shiga har can cikin huhu, ga kuma sanyi da bushewar iska, waɗanda su kansu suna tsuke hanyar numfashi.

A wannan lokaci ne kuma ake aikin kaka. Ana bugun shinkafa da sheƙe ta, ana kaɗe riɗi, ana sussukar dawa, injinan casa suna tara ɓuntu a ƙone shi, mafarauta da masu share gona suna cinna wa daji wuta. Yaro mai asma bai kamata a sa shi sheƙa ko tankaɗe ko zuwa injin niƙa ba. A ba shi wani aikin da bai da ƙura. Masussuka ta kasance nesa da ɗakunan kwana, a gefen da iska za ta ɗauke ƙaiƙayi daga gida.

Wata al'ada da ya kamata a sake dubawa ita ce ajiye buhunan hatsi da garin rogo a ɗakin da yara ke kwana saboda tsoron ɓarayi. Hatsi yana jawo ɓera da kyankyaso da wasu ƙananan ƙwari dangin ƙwaron ƙura. Sau da yawa kuma an zuba masa maganin ƙwari mai tururi, wanda shaƙarsa a rufaffen ɗaki yana iya kisa. Taki da maganin feshin gona ma haka. Wurinsu rumbu ne ko wani ɗaki mai kulle.

A ranar da hazo ya yi kauri, a rufe tagar da ke fuskantar iska, ko a rataya mata jiƙaƙƙen zane, a buɗe ta ɗaya gefen. Yaro ya rufe hanci da baki da ƙyalle mai tsabta idan zai fita da sassafe. Kafin shara a yayyafa ruwa a ƙasa. Kayan ɗaki a goge su da jiƙaƙƙen tsumma, domin kakkaɓewa tayar da ƙura kawai take yi ta sake sauka.

Ga Mai Shirin Gina Gida

Gyara tun daga tushe ya fi sauƙi da araha. Ko da tubalin ƙasa za a yi ginin ko da bulon siminti, ƙa'idodin ɗaya ne.

1. A zaɓi tudu, a guji kwari da bakin fadama. A lura da inda ruwa ke bi da damina kafin a haƙa harsashi.

2. Daɓen ɗaki ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin daɓe da kuma kan harsashi, domin ta hana danshi hawa bango.

3. Rufi ya zarce bango sosai, domin ruwa ya zuba nesa da gindinsa. Bangon gabas, inda hadari ya fi dukansa, a ba shi shafe mai kyau. A yi magudana da za ta fitar da ruwa daga tsakar gida.

4. Kowane ɗaki ya sami taga biyu a bango daban-daban, domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Ma'aunin da masana gini suka daɗe suna bi shi ne faɗin tagogi ya kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓe. Ɗaki mai mita 3 da mita 4 yana bukatar tagogin da jimlarsu ta kai murabba'in mita 1.2.

5. A yi daɓe mai santsi wanda za a iya gogewa da ruwa. Kafet da aka manne daga bango zuwa bango ma'ajiyar ƙura ce.

6. Ɗakin girki da masai da turken dabbobi su kasance nesa da tagogin ɗakin kwana.

7. Kada a tare a sabon gini sai shafe ya bushe, warin fenti kuma ya fita sarai.

Ga Wanda Ya Riga Ya Gina Ko Yake Haya

Mafi yawan jama'a ba sabon gida za su gina ba. Wanda ba zai iya gyara gida duka ba, ya fara da ɗakin da yaron ke kwana. A ba shi ɗakin da ya fi bushewa da samun iska. A toshe yoyon rufi tun kafin ruwan farko. A janye gado da akwatuna daga jikin bango da kamar tafin hannu, iska ta riƙa ratsawa. A ɗaga katifa daga ƙasa. A rage tarkace, domin kowane tsohon kwali da tulin tsumma gidan ƙura ne.

Kowane mako a wanke zanen gado da rigar matashi, da ruwan zafi in da hali, a shanya a rana. Duk ranar da rana ta buɗe, ko da damina ne, a fitar da katifa da matashi da tabarma su sha rana na awa 3 ko fiye, a juya su, a kakkaɓe nesa da yaron. Tsohuwar katifar audugar rimi ko ta ciyawa da ta shekara da shekaru gara a sauya ta, ko a lulluɓe ta da leda mai kauri a ɗora zane a kai. Kada a shanya jiƙaƙƙun tufafi a ɗakin kwana.

Game da dabbobi, ba a ce manomi ya rabu da awakinsa da kajinsa ba. Hasali ma binciken da aka yi a ƙasashen Turai ya nuna cewa yaran da suka tashi a gidajen noma da kiwo ba su cika kamuwa da alaji kamar yaran birni ba. Amma yaron da asma ta riga ta kama, gashin kyanwa da na kaji da tattabaru yana iya tayar masa da ita. Kaji su kwana a akurki, kyanwa kuma kada ta hau shimfiɗarsa.

Abin da ke tayar wa wannan yaro ba lalle ne ya tayar wa wancan ba. Yana da kyau iyaye su riƙa lura: yaushe ciwon ya tashi, a ina yaron yake, me ake yi a gidan a lokacin? Wanda ya iya rubutu, da boko ko da ajami, ya rubuta a ɗan littafi ya nuna wa ma'aikacin lafiya. An kuma lura cewa ɗaukar mataki guda ɗaya kaɗai bai cika yin tasiri ba. Sai an haɗa su, an kuma dawwama a kai.

Gyaran Gida Ba Ya Maye Gurbin Magani

Duk yaron da ke yawan tari da dare, ko kukan ƙirji, ko sarƙewar numfashi bayan gudu, a kai shi asibiti a duba. Tarin da ya wuce mako 2 yana bukatar gwajin tibi. Maganin asma na zamani shaƙa ake yi, kuma iri biyu ne. Akwai mai buɗe hanyar iska nan take, kamar salbutamol, wanda galibi gwangwaninsa shuɗi ne. Akwai kuma mai rage kumburi, wanda ake shaƙa kullum ko da yaro yana lafiya, shi ne ke hana ciwon tashi. Jita-jitar da ake yi cewa wanda ya fara shaƙa ba zai iya dainawa ba, ko kuwa sai ciwo ya yi tsanani ake ba da shi, ba gaskiya ba ce. Maganin shaƙa kai tsaye yake zuwa huhu, saboda haka kaɗan ne ke shiga sauran jiki. Maganin tari na kwalba kuwa ba ya maganin asma.

Ƙananan yara ba su iya daidaita fesawa da jan numfashi ba, shi ya sa ake haɗa musu da wani ɗan bututu da ke riƙe maganin har su shaƙe shi. A shekarar 1999 likitocin yara a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka nuna cewa gorar roba mai cin mililita 500, idan an gyara ta daidai, tana yin wannan aiki kamar na kanti. Ma'aikacin lafiya ne zai nuna yadda ake yi. Har ila yau, shayar da jariri nonon uwa zalla na wata 6 da kammala alluran rigakafi suna kare shi daga cututtukan ƙirji, waɗanda su ne kan gaba wajen tayar da asma ga ƙanana.

A garzaya asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Yaro ya kasa magana, ko ya kasa shan nono ko ruwa, saboda haki.

2. Ƙasan ƙirjinsa da tsakanin haƙarƙarinsa suna lotsawa ciki idan ya ja numfashi.

3. Leɓɓansa ko harshensa sun sauya launi, sun yi duhu.

4. Ya galabaita, barci yana fizgarsa, ko ya ruɗe.

5. An ba shi maganin shaƙa amma bai sami sauƙi ba.

A kan hanya a zaunar da shi, kada a kwantar, a ci gaba da ba shi maganin shaƙa kamar yadda aka koya wa iyaye. Kada a turara masa komai, kada kuma a ɗura masa jiƙo. Ga mazauna ƙauyukan da ke nesa da titi, inda hanya kan lalace da damina, wajibi ne maganin shaƙa ya kasance a gida kullum, a kuma san tun da wuri mai babur ko mai motar da za a tasa da dare.

Aikin Kowa da Kowa

Hayaƙi bai san katanga ba. Maƙwabcin da ya ƙone shara da leda da yamma ya shigar da hayaƙi ɗakin yaron da ke gida na biyar. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da ake shiga gida-gida ana duba randa da masai da kwata. Ma'aikatan tsabtar muhalli na ƙananan hukumomi su ne magadansu, kuma sun cancanci haɗin kan jama'a. Masu unguwanni da dagatai suna iya tsai da wurin zubar da shara a bayan gari, su sa a yashe magudanu ta hanyar gayya kafin damina, su tsawata a kan ƙunar daji kusa da gidaje. Masu gidajen haya su gyara yoyo a kan kari. Malaman makaranta su sa a yayyafa ruwa kafin sharar aji, su keɓe mai asma daga wannan aiki, su bar shi ya riƙe maganinsa a jaka, kuma kada su hana shi wasan motsa jiki idan yana cikin ƙoshin lafiya.

Ranar Talata ta farko a watan Mayu ita ce Ranar Asma ta Duniya, wadda aka fara kiyayewa a shekarar 1998. A Assakio ta zo daidai da farkon damina, lokacin da kowane manomi ke duba garmarsa da irin shukarsa. Ya dace a wannan lokaci maigida ya duba rufinsa da magudanarsa da tagoginsa, uwargida ta duba murhunta da shimfiɗar 'ya'yanta, a kuma tabbatar maganin shaƙar yaro bai ƙare ba. Rigakafi ya fi magani.